Yadda ake saita oba-oba da aiki da ita daga farko

Duk wanda ya kawo mini oba-oba ya ce ta lalace, tambayar farko da nake yi masa ita ce: ina 'yar'uwarta? Na daɗe ina saita waɗannan na'urori, kuma sau da yawa lafiyarsu ƙalau, matsalar kawai ita ce biyun ba a wuri ɗaya suke saurare ba. Oba-oba ba wayar salula ba ce. Ba ta da lamba, ba ta neman kowa, ba ta da turken kamfani da zai haɗa ta da wata. Muryarka take watsawa a kan mita guda, wanda ya saita tasa daidai da taka ya ji, wanda ya kauce ko da kaɗan ne ya ji shiru. Idan ka riƙe wannan, sauran aikin bin mataki ne.

Zan yi misali da Baofeng UV-5R domin tana da allo da maɓallan lamba, kuma yawancin masu koyo da ita suke farawa. Idan taka wata iri ce, lambobin menu za su bambanta, amma sunayen saitin kusan ɗaya ne.

Kayan da za ka tanada

Oba-oba biyu aƙalla, domin da guda ɗaya ba ka da hanyar gwaji. Batir da mazaunin cajinsa tare da adaftar da ta zo da shi. Eriyar da ta dace da zangon da za ka yi aiki a kai. Littafin da ya zo a cikin kwali. Takarda da biro, kuma kada ka raina su. Idan da hali, kebul ɗin saiti mai baki biyu da kwamfuta mai manhajar CHIRP, wadda kyauta ce. Sai mutum ɗaya mai haƙuri da zai riƙe ta biyun yana amsa maka.

Mataki na 1: San mitar da aka halatta maka

Wannan matakin ba a yin sa da maɓalli, amma shi ne gaba da komai. UV-5R tana aiki a zango biyu: VHF daga megahaz 136 zuwa 174, da UHF daga 400 zuwa sama. A cikin wannan fili akwai mitocin jami'an tsaro, na motocin ɗaukar marasa lafiya, da na jiragen ruwa. Megahaz 156.800, wato tasha ta 16 ta masu tafiya a ruwa, ta kiran neman ceto ce a duk duniya. Na'urar ba za ta hana ka latsawa a can ba, doka ce da hankalinka za su hana ka.

Kowace ƙasa tana da hukumar da ke raba mitoci da ba da lasisi. Kamfani ko ƙungiya kan nemi a ware mata mitarta. Masu sha'awar rediyo kan zauna jarrabawa su samu lasisi da lambar kira, su yi aiki a 144 zuwa 146 da 430 zuwa 440 a Afirka da Turai. Wasu ƙasashe kuma sun ware tashoshin da ba sa buƙatar lasisi: PMR446 a Turai mai ƙarfin rabin wat, da FRS a Amurka mai tashoshi 22. Sai dai waɗannan an yarda da su ne ga na'urorin da aka ƙera musamman dominsu, masu eriyar da ba ta cirewa. UV-5R ba ta cikinsu. Ka tambayi hukumar ƙasarka, ka rubuta mitar da aka ba ka a takarda, sannan ka ci gaba.

A takardar nan ka ja layi huɗu ga kowace tasha: mitar ji, mitar magana, faɗin zango, da lambar amo (bayanin biyun ƙarshe na zuwa a Mataki na 4 da na 5). Duk wanda zai riƙe oba-oba a rukuninku, daga wannan takarda za a saita tasa.

Mataki na 2: Caji, eriya, sannan kunnawa

Zura batir a bayan na'urar har ka ji ya ce ƙas. Ɗora ta a mazaunin caji tana kashe. Fitila ja na nufin tana sha, kore ta cika. Idan adafta ta ɓata, juya mazaunin ka karanta ƙarfin wutar da aka rubuta a ƙarƙashinsa, ka nemo mai daidai da shi. Kada ka jona duk wadda bakinta ya shiga.

Yanzu eriya. Leƙa ramin da ke saman na'urar, za ka ga wani siririn tsinke a tsakiya. Wannan tsinken ne zai shiga cikin gindin eriya. Wasu kamfanoni akasin haka suke yi, tsinken na jikin eriya, ramin na jikin na'ura, shi ya sa ake sayen eriya ta ɗauru tsaf amma babu abin da ya taɓa wani a ciki. Riƙe gindinta, ba tsininta ba, ka murɗa a hankali da yatsa biyu. Ta tsaya, ka tsaya.

Kada ka taɓa latsa maɓallin magana babu eriya. Wutar da ya kamata ta fita iska komawa ciki take yi, ta gasa sashen da ke ƙara wa murya ƙarfi. Irin wannan oba-oba za ta ci gaba da ji lafiya lau, fitilarta ta kama ja kamar tana aikawa, amma muryarka ba za ta wuce ɗakin da kake ba.

Murɗa maɓallin da ke sama ta kunna. Shi ne kuma na ƙarar sauti. Idan ta gaishe ka da Sinanci, menu na 14 ne ke canza harshen ko ya kashe muryar.

Mataki na 3: Koyi shiga menu da shigar da mita

Hanya ɗaya ce ga kowane saiti: latsa MENU, buga lambar saitin, sake latsa MENU domin kibiya ta sauko ƙasa, zaɓa da maɓallin sama ko na ƙasa, sake latsa MENU domin tabbatarwa, sannan EXIT. Kuskuren kowane sabon hannu shi ne tsallake MENU na uku. Ya zaɓa, ya fita, ya ɗauka ya gama, alhali na'urar ta koma yadda take. Kuma idan ka tsaya tunani na 'yan daƙiƙu, menu ɗin rufe kansa yake yi, to ka san abin da za ka zaɓa kafin ka shiga.

Maɓallin VFO/MR yana sauya ka tsakanin hali biyu. A VFO kai kake buga mita da hannu. A MR kana zagaya tashoshin da aka adana, kuma za ka ga ƙaramar lambar tasha a gefen allo. Duk saiti a VFO ake yin sa. Allon layi biyu ne da shi. Da maɓallin A/B ka kai kibiya layin sama, sannan ka kashe TDR a menu na 7 domin na'urar ta daina tsalle tsakanin layi biyu kana cikin aiki.

Buga mita da lambobi shida, babu ɗigo: 145.500 ita ce 1 4 5 5 0 0. Idan mitarka mai jela ce kamar 145.5125 kuma na'urar tana ta gyara maka ita zuwa wata, je menu na 1, STEP, ka sa 12.5 ko 6.25, ka sake bugawa.

Mataki na 4: Saiti biyar da suka fi muhimmanci

SQL, menu na 0, shi ne mai gadin lasifika. Idan yana 0, ƙofa a buɗe take, za ka ji shuuu ba ƙaƙƙautawa. Idan ka kai shi 9, sai murya mai ƙarfi ce kawai za ta shigo, ta nesa ta tsaya a waje. Fara daga 0 ka riƙa ƙarawa har ƙarar ta ɗauke, ka tsaya a nan ko ka ƙara ɗaya. Yawanci 2 ko 3 ya isa.

TXP, menu na 2, ƙarfin aikawa ne. LOW kusan wat 1 ne, HIGH wat 4 zuwa 5. Ni LOW nake barin ta sai in an kasa ji na. Batir ya fi daɗewa, na'urar ba ta zafi, kuma ba ka damun waɗanda ke nesa a mita ɗaya da kai.

WN, menu na 5, faɗin zango: WIDE kilohaz 25, NARR 12.5. Dole kowa ya zama iri ɗaya. Mai NARR idan ya yi wa mai WIDE magana, muryarsa ƙasa-ƙasa take fita kamar daga cikin rijiya. Mai WIDE kuma a kunnen mai NARR muryarsa fashewa take yi.

VOX, menu na 4, yana sa na'ura ta fara aikawa da kanta da zarar ta ji sauti. Kashe shi. TOT kuma, menu na 9, sa shi a daƙiƙa 60, domin ta yanke aikawa da kanta idan an wuce haka. Na taɓa kasancewa a wani babban aiki inda mutum ɗaya ya sa tasa a aljihun baya ya zauna a mota, kujera ta danne maɓallin magana. Mu fiye da goma muna jin ƙugin inji da hirarsa da direba, babu mai iya cewa uffan, shi kuma ba ma iya kiransa domin na'urar da ke aikawa ba ta ji. Sai da aka tura mutum da ƙafa ya nemo shi. Tun daga ranar ba na miƙa wa kowa oba-oba sai na duba TOT.

Mataki na 5: Amo, inda aka fi rikicewa

A nan zan ɗan daɗe, domin rabin ƙorafin da nake samu daga nan yake. CTCSS wani siririn amo ne da na'ura ke aikawa a ƙarƙashin muryarka, tsakanin haz 67.0 da 254.1, kunne ba ya kama shi a lasifika. DCS aikinsu ɗaya, sai dai shi da lambobi yake yi, kamar D023N. Na'urar da aka saita ta jira amo ba za ta buɗe bakinta ba sai ta ji wannan amon daidai.

Menu huɗu ne: 13 da 12 na amon da kake aikawa, T-CTCS da T-DCS, 11 da 10 na amon da kake jira, R-CTCS da R-DCS. Zaɓi iri ɗaya, ko CTCSS ko DCS, ka bar ɗayan a OFF.

Ga yadda nake yi. Da farko duka huɗun OFF a na'urorin biyu, a gwada, a ji juna. Sannan a sa amon aikawa, a ce 88.5, a duka biyun, a sake gwadawa. Sai a ƙarshe a sa amon jira. Idan magana ta ɗauke, ka san matakin da ya jawo.

Akwai alama guda da ba ta ƙarya. Abokinka ya latsa, fitilar taka ta kama kore, amma lasifika shiru: mita daidai ce, amo ne bai dace ba, ko kuma ka rage ƙarar sauti. Danne maɓallin MONI da ke gefe ka riƙe, zai buɗe ƙofar gaba ɗaya ka ji abin da ke kan mitar. Idan kuwa fitilar ma ba ta kama ba, koma kan mita.

Wasu kwalaye suna kiran wannan amo lambar sirri. Ba sirri ba ne ko kaɗan. Kunnenka yake toshewa daga jin wasu, bai toshe kunnen kowa daga jin ka ba. Duk wanda ya bar nasa a OFF yana jin ku tar. Kada a faɗi abin da ba a so bare ya ji. Kuma tunda kun daina jin sauran masu amfani da mitar, kuna iya hawa kan maganarsu ba ku sani ba. Duba fitila kafin ka latsa, ko ka kunna BCL a menu na 23, wanda ke hana aikawa idan tasha tana da mutum.

Idan duk wannan ya dace amma abin da kake ji wani gurnani ne kamar injin niƙa, wataƙila ɗaya na'urar ta dijital ce, irin DMR. Sai an mayar da ita halin analog za su fahimci juna.

Mataki na 6: Adana tasha

UV-5R tana ɗaukar tashoshi 128, daga 0 zuwa 127. Kana VFO, a layin sama, komai ya zauna, shiga menu na 27, MEM-CH, zaɓi lamba, tabbatar. Lambar da ke da CH a gabanta akwai abu a ciki. Share ta tukuna a menu na 28. Idan daga baya kana son canza amon tashar da ka adana, hanya mafi tabbas ita ce ka share ta ka sake adanawa. Koma MR, nemo tashar, gwada. Sannan danne maɓallin # ka riƙe har alamar makulli ta fito, domin gwiwar hannu ko bel ɗin kujera kada su canza maka tasha.

Masu oba-oba marasa allo, masu maɓallin murɗawa na tashoshi 16, su lura: tasha ta 1 a na'urar wani kamfani ba ita ce tasha ta 1 a ta wani ba. Lambar suna ce kawai, mitar da ke ƙarƙashinta ce magana. Irin waɗannan da kwamfuta kawai ake saita su, kuma mitocin da suke zuwa da su daga masana'anta ba lallai ne a ce an halatta su a ƙasarka ba.

Mataki na 7: Idan akwai rifita

Rifita na'ura ce da ake kafawa a kan tsauni ko dogon gini, ta ji ka a mita ɗaya ta sake watsa muryarka a wata da ƙarfi. Ka nemi izinin masu ita, su ba ka abu uku: mitar da take fitarwa, tazara, da amo. A ce tana fitarwa a 145.700 da tazarar kilohaz 600 ƙasa. Kana ji a 145.700, kana magana a 145.100. Buga 145.700, sa tazarar 0.600 a menu na 26, sa alamar ragi a menu na 25, sa amon a menu na 13. Latsa ka duba allo: lambar ta sauya zuwa 145.100 muddin yatsanka na kai.

Wajen adanawa sau biyu ake yi a lamba ɗaya. Adana a menu na 27, fita, taɓa maɓallin * sau ɗaya domin allo ya juya zuwa mitar magana, sake adanawa a wannan lambar. Wanda ya manta na biyun zai riƙa jin kowa, shi babu mai jin sa.

Mataki na 8: Saiti da kwamfuta

Idan na'urorin sun wuce uku, kebul zai cece ka daga ciwon yatsa da kuskure. Kashe oba-oba, tura bakin kebul har ƙarshe. Yakan yi kamar ya shiga alhali da saura, sai ka ƙara dannawa da babban yatsa. Kunna ta, ƙara sauti sosai. A CHIRP, fara da sauko da abin da ke cikin na'urar, ka adana shi a fayil da suna da kwanan wata kafin ka taɓa komai. Wannan fayil shi ne hanyar komawarka. Sannan cika layuka daga takardarka, ba kowace tasha gajeren suna, ka tura. Domin sunan ya fito a allo, sa menu na 21 da 22 a NAME. Tashar da sauraro kawai kake so, sa gurbin Duplex ɗinta a off, ba za ta aika ba ko an latsa.

Kada ka tura fayil ɗin wata na'ura kai tsaye cikin wata, ko da sunansu ɗaya. Sauko da na kowacce, ka kwafa layukan tashoshi a ciki. Idan kwamfuta ta ƙi ganin kebul, yawanci direbansa ne, wato 'yar manhajar da ke sa kwamfuta ta gane kebul, musamman kebul masu jabun guntun lantarki na Prolific a ciki. Masu FTDI ko CH340 sun fi sauƙin kai. Babu kebul? Hannu ya isa: saita ɗaya, ajiye ta a gefe a matsayin uwa, ka bi sauran kana gwada kowacce da ita.

Mataki na 9: Riƙo da magana

Riƙe ta a tsaye, eriya tana kallon sama. Idan ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, mafi yawan ƙarfin ɓacewa yake yi. Kada ka ɗauke ta ta eriya, kada eriyar ta taɓa fuskarka. Makirufo ɗan ƙaramin rami ne a gaba. Bar kamar faɗin yatsa uku tsakaninsa da bakinka, ka yi magana da muryarka ta yau da kullum. Ihu ba ya ƙara nisa, fasa murya kawai yake yi.

Saurara tukuna. Latsa, ƙirga ɗaya a zuci, sannan ka buɗe baki. Gama maganar, sannan ka saki. Wanda ya haɗa latsawa da magana kalmarsa ta farko ta tafi, kuma idan kalmar nan "kada" ce, ka ga inda aka kwana. Fara da sunan wanda kake kira, sannan naka: "Ƙofa, ƙofa, ofis ne, oba." Wannan kalma ta ƙarshe, wadda na'urar ta samo sunanta daga gare ta, tana nufin na gama, ina jiran ka. Mutum ɗaya ne ke magana a lokaci guda, saboda haka a taƙaita. Lamba ko umarni mai nauyi, wanda ya karɓa ya maimaita shi. Mai lasisin sha'awa kuma ya faɗi lambar kiransa yadda dokar ƙasarsa ta tsara.

Mataki na 10: Gwajin fili

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kwana ɗaya kafin aiki, bar abokinka a inda zai zama cibiya, kai kuma ka zagaya duk wurin da za a tsaya: bayan gini, ƙarƙashin bene, cikin mota, ƙarshen fili. A kowane wuri ka kira, ka rubuta ko an ji ka sarai, da ƙyar, ko ba a ji ba. Gwajin farko ma kada a yi shi na'urori suna manne da juna. Ku ba da tazarar taku goma, domin ta kusa sosai tana iya toshe kunnen 'yar'uwarta.

Kada ka yarda da nisan da aka buga a kwali. Waɗannan zanguna kusan a miƙe suke tafiya kamar haske. Mutum biyu a tsaye a shimfiɗaɗɗen fili babu shinge, lanƙwasar ƙasa kanta takan tsayar da su a wajen kilomita 10, a cikin gine-gine kuwa kilomita ɗaya ko biyu ma sai an dace. Amma ɗaya ya hau wuri mai tsayin mita 25, lissafin ya haura kilomita 25. Shi ya sa idan murya ta fara yankewa, kafin ka taɓa TXP, fita waje, hau bene, matsa kusa da taga, ko ka yi taku biyu gefe. Jikin mota ƙarfe ne, yana tare sigina. Eriyar maganaɗisu a kan rufi tana gyara wannan. Gajeriyar eriyar da ke zuwa a kwali ma ana iya sauya ta da doguwa, mai kusan santimita 40 zuwa 50, a ga bambanci a VHF. A fili da daji VHF ta fi kai wa nesa, a cikin gini UHF ta fi ratsawa.

Batir da kulawa

Aikawa ce ke cin batir, sauraro kaɗan yake ci. Batirin da ya yi rauni yakan nuna a cike, kana latsawa na'urar ta mutu ta sake kunnuwa. Wannan sauya shi za a yi. Wanda ya kumbura a daina amfani da shi nan take, kada a huda shi, kada a jefa a wuta. Kada a bar na'ura a mota cikin rana. Idan za a ajiye ta wata da watanni, cire batirin yana da kusan rabin caji. UV-5R ba ta jure ruwa. Idan ta jiƙe, kashe ta, cire batir, bar ta ta bushe sarai kafin ka kunna. Mai aiki cikin ruwan sama ya nemi mai alamar IP67. A wurin da ake zuba mai, ko inda iskar gas ke taruwa, ko kusa da wayoyin fasa dutse, ba a latsa oba-oba irin wannan, akwai waɗanda aka ƙera musamman domin can. Lokaci-lokaci ka goge ƙarafunan bayan batir da busasshen ƙyalle, ka taɓa gindin eriya ka ji ko ta saki, ka liƙa kwafin takardar tashoshinku a cikin murfin akwatin da kuke ajiye su.